Amale, Ɗurin Maniyyi ko Dashen Ɗan Tayi: Wace Hanya Ce Ta Dace da Mai Kiwon Raƙuma Don Madara?

Duk wanda yake kiwon taguwoyi don madara, ko ba jima ko ba daɗe zai tsinci kansa a gaban tambaya guda. A cikin garken akwai taguwa ɗaya ko biyu da suka yi wa sauran fintinkau wajen yawan madara, ga sauƙin tatsa, ga lafiyar hantsa, kuma mai garken yana so irinsu ya yawaita. To amma raƙumi ba a yi masa gaggawa. Taguwa tana ɗaukar ciki wata 13, galibi ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara biyar ko fiye, kuma a hannun makiyaya tsakanin haihuwa da haihuwa yakan kai shekara biyu. Tagwaye kuwa ba kasafai ake ganinsu ba. In ka buga lissafi, taguwar da ta yi tsawon rai cikin ƙoshin lafiya da ƙyar za ta ba ka 'ya'ya bakwai ko takwas, rabinsu maza. Ke nan taguwar da ka fi ji da ita 'ya'ya mata uku ko huɗu za ta bar maka, shi ma in ba ta yi ɓari ba, in kuma babu wadda ta mutu tana ƙarama.

Hanyoyi uku ne likitocin dabbobi suke magana a kansu. Ko a bar amale ya yi baye kamar yadda aka saba, ko a tatsi maniyyinsa a ɗura wa taguwa da hannu, ko kuma a ɗebo 'yan tayi daga mahaifar taguwa mai daraja a dasa su a cikin wasu taguwoyin su raini cikin. Mai kiwon shanun madara da ya ji wannan jeri zai ce ai magana ta ƙare, ɗurin maniyyi shi ne mai sauƙi, dashen ɗan tayi kuma sai masu hannu da shuni. A wajen raƙuma lissafin ya juye. Ɗurin maniyyi shi ne ya fi ba masu bincike ciwon kai, dashen ɗan tayi ya riga shi tsayawa da ƙafafunsa, amale kuwa har gobe a kansa yawancin garkuna suka dogara. Dalilin wannan juyi yana cikin abubuwa biyu da jikin taguwa ya bambanta da na saniya, kuma wanda bai riƙe su ba zai zaɓi hanya da ka.

Na farko, saniya tana sakin ƙwai da kanta idan lokacinsa ya yi, ko an yi mata baye ko ba a yi ba. Taguwa ba haka take ba. Jakar ƙwai takan girma a ma'ajiyar ƙwai, ta nuna, ta tsaya tana jira, in amale bai hau ba sai ta shanye wata ta taso. Bayen ne yake sa ƙwan ya fito, kwana ɗaya zuwa biyu bayan an hau ta. Tun a 1985 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna, a kan raƙuma masu tozo biyu, cewa akwai wani sinadari a cikin ruwan maniyyi da yake tayar da wannan aiki. Sai a 2012 tawagar Gregg Adams ta Jami'ar Saskatchewan da ke Kanada ta tantance shi a maniyyin lama, 'yar uwar raƙumi ta Kudancin Amurka, ashe wani furotin ne da aka daɗe da saninsa wajen raya jijiyoyi, wanda ake kira NGF. Girman jakar ma yana da ta cewa. Aikin da Lulu Skidmore da abokan aikinta suka yi a Cibiyar Hayayyafar Raƙuma ta Dubai ya nuna cewa ƙwai ya fi fitowa idan faɗin jakar yana tsakanin santimita 0.9 da 1.9. In ta haura santimita 2 sai damar ta soma raguwa, in ta kai 3 kuwa ko amale ya hau sau nawa ne, a banza.

Na biyu shi ne ya fi shafar mai neman madara: ciki yana ƙafar da nonon taguwa. Saniya tana iya ɗauke da ciki ana tatsarta har sai saura kamar wata biyu ta haihu. Makiyayan raƙuma sun daɗe da lura cewa tasu dabbar ba ta yin haka, kuma Peter Nagy da Judit Juhasz, likitocin da suka jagoranci kiwo a gonar madarar raƙuma ta Camelicious da ta soma aiki a Dubai a 2006, sun auna abin suka buga sakamakonsa a 2015. Madarar taguwa tana soma ja da baya kamar wata guda bayan ta ɗauki ciki, kafin ciki ya wuce wata huɗu kuma galibi hantsa ta ƙafe. Wadda ba ta ɗauki ciki ba tana iya ba da madara shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi, wata ma ta zarce. Ke nan a kowace taguwa, madarar bana da ɗan baɗi suna ja-in-ja, kuma duk hanyar da za ka bi sai ka tambaye ta yadda take raba wannan gardama.

Amale

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da amale a lokacin baye ba ya mantawa. Bakinsa yana kumfa, yana gurnani, yana gurza haƙora, sai ka ga wata jar jaka ta kumburo ta rataya a gefen bakinsa. Wani baƙin ruwa mai wari yana tsattsafowa daga bayan kansa, ya ware ƙafafun baya yana kaɗa wutsiya yana watsa wa gadon bayansa fitsari. Abinci ma ya rage ci, har kafin lokacin ya wuce sai ka ga ya zabge. Yakan bi taguwa ya danne wuyanta har ta durƙusa, don a durƙushe ake yin bayen, kuma yakan ɗauki 'yan mintuna, wani lokaci har kusan minti ashirin.

Abin da amale yake da shi wanda sauran hanyoyin suke wahalar kwaikwayo shi ne yana zuwa da komai a haɗe. Maniyyin ɗanye ne, yana isa inda ya kamata, kuma a cikinsa akwai sinadarin da zai sa ƙwan ya fito. Ba a buƙatar allura, ba a buƙatar wuta ko firiji, ba a jiran likita ya iso daga nesa. Amale ɗaya mai lafiya yana iya wadatar da gomman taguwoyi a lokacin baye guda. Ga makiyayin da yake tafe da garkensa yana bin ciyawa da ruwa, gaskiyar magana ita ce babu wata hanyar da ta kama ƙafar wannan, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina ta ba.

Sai dai tana da nata aibi, kuma mafi girmansa ba a ganinsa da ido. Rabin gadon kowace 'yar taguwa daga uba yake zuwa, alhali amale ba ya ba da madara balle a auna. Ba za ka san irin nonon da yake gadarwa ba sai 'ya'yansa mata sun haihu an tatse su, wato wata 13 na ciki, shekara huɗu ko biyar na girma, wani wata 13 na nasu cikin, sannan a ga madara. Kafin nan shekara shida ko bakwai sun shuɗe, ya riga ya cika garke da jininsa. Da yawa ana zaɓen amale saboda tsayi da ƙira da kwarjini, waɗanda babu tabbacin suna tafiya tare da madara. In kuma aka bar shi a garke ya daɗe har ya soma hawan 'ya'yansa, sai auren jini ya shigo, haihuwa ta yi rauni, 'ya'ya su riƙa zuwa ba ƙwari.

Aibi na biyu shi ne yawan baye ba bisa lokaci ba. Taguwa tana iya durƙusa wa amale ko da jakar ƙwanta ba ta nuna ba, ko ta wuce lokaci, don alamun sha'awarta ba sa tafiya daidai da abin da yake faruwa a ciki. Mai garke ya ga ba ta ɗauka ba, sai ya sake kai ta, ya sake, ya sake. Kowane hawa yana iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin mahaifa, kuma ciwon mahaifa yana cikin manyan dalilan da suke mayar da taguwa juya. Ga mai sayar da madara akwai ƙarin asara, domin in aka yi wa taguwa maganin kashe ƙwayoyin cuta dole a zubar da madararta har sai maganin ya fita daga jikinta. Ga kuma rauni: amale yana cizo, yana iya ji wa taguwa ciwo, yana iya hallaka mutum. Kuma kana ciyar da shi duk shekara saboda aikin 'yan watanni, don a yawancin wurare baye yana da lokacinsa, a yankin Larabawa misali watannin sanyi ne.

Abin farin ciki shi ne yawancin waɗannan matsaloli ana magance su ba tare da an rabu da amale ba. Na'urar duban ciki ita ce ta fi kawo sauyi. Ana durƙusar da taguwa a ɗaure ta yadda ba za ta zabura ba, likita ya sa safar hannu ya shigar da kan na'urar ta dubura, sai jakunkunan ƙwai su bayyana a allo, baƙaƙen da'irori, ya auna mafi girmansu. In ta kai girman da ake so, a kai ta wajen amale a ranar, hawa ɗaya, a mayar da ita. In ba ta kai ba a jira kwana biyu ko uku a sake dubawa. Da wannan kaɗai an rage wa mahaifa wahala, an rage wa amale gajiya, an kuma san ranar da ciki ya shiga. Bayan kamar mako biyu taguwar da ta ɗauka takan ɗaga wutsiya ta naɗe ta sama idan amale ya tunkaro ta. Alama ce mai amfani da makiyaya suka sani tun kaka da kakanni, amma takan yi ƙarya, don haka gara a tabbatar da na'ura wajen kwana 20, a sake dubawa bayan wata biyu, saboda zubewar ciki tun yana ƙarami abu ne da ya zama ruwan dare a raƙuma.

Wajen zaɓen amalen kuwa, tunda ba za a iya jiran 'ya'yansa ba, sai a dubi uwarsa da 'yan uwansa mata. Amalen da ba a san madarar uwarsa ba, caca ce. A kuma riƙa musanya shi kafin 'ya'yansa su isa baye.

Abin da amale ba zai iya warwarewa ba shi ne wancan ja-in-ja tsakanin ciki da madara. Mahaifar taguwa tana komawa daidai cikin 'yan makonni bayan haihuwa, don haka in ana ciyar da ita da kyau ana iya mayar da ita wajen amale da wuri. In ka yi haka za ka rage tazarar haihuwa, amma madara za ta yanke tun ɗan bai yi ƙwari ba, kai ka rasa ta sayarwa, shi ya rasa ta sha. In ka jinkirta har ƙarshen tatsa, ka ci moriyar madara, amma ɗa na gaba sai bayan shekara biyu ko fiye. A ganina ga taguwa mai yawan madara jinkirin ya fi riba, wadda madararta ba ta taka kara ta karya ba kuwa babu laifi a mayar da ita da wuri. Sai dai ka lura da inda wannan ya kai ka: taguwar da ka fi son 'ya'yanta ita ce za ta fi ƙarancin haihuwa.

Ɗurin maniyyi

A takarda babu hanyar da ta fi wannan kyau. Amale ɗaya nagari ya wadatar da garkuna masu nisa ba tare da an ɗauki dabba zuwa ko'ina ba, babu cizo, babu haɗuwar jiki. Haka aka gyara irin shanun madara a duniya. A raƙuma kuwa tun daga tatsar maniyyin ake fara cin karo. Tunda a ƙasa ake bayen, dole mai tatsa ya tsuguna gefen amale mai kumfa a baki, ya karkatar da gabansa cikin wani bututu mai ɗumi, yana kaffa-kaffa da ƙasa da ƙura, yana kaffa-kaffa da haƙora. Wani amalen ma ya ƙi bututun ƙememe. An kuma gano cewa irin robar da ake shimfiɗawa a cikin bututun tana iya cutar da ƙwayoyin maniyyin in suka daɗe suna taɓa ta.

Abin da aka samu ɗan kaɗan ne, kuma ga kauri ga yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. In ka ɗago shi da tsinken gwaji sai ya biyo ka da zare. Ƙwayoyin suna maƙale a ciki ba sa iyo sosai, don haka ƙirga su da wuya, gauraya shi da ruwan adanawa da wuya, raba shi kashi-kashi da wuya. Masu bincike sun gwada jira ya tsinke da kansa, sun gwada motsa shi a hankali, sun gwada sinadarai masu narkar da furotin irin wanda ake samu daga gwanda, kowanne da nasa amfani da nasa illa.

Sannan tunda amale bai hau ba, dole a yi wa taguwa allurar homon, wato sinadarin da yake tayar da aiki a jiki, GnRH ko hCG, don ƙwan ya fito, a ɗura maniyyin bayan kamar awa 24. Wato na'urar duban ciki da likita sun zama tilas. A wani gwaji da Skidmore da wani mai bincike, Billah, suka buga a 2006, da ɗanyen maniyyi mai ƙwayoyi miliyan 150 kusan rabin taguwoyin sun ɗauki ciki. Da aka rage zuwa miliyan 80 aka zuba a tsakiyar mahaifa sai abin ya faɗi warwas, amma da aka tura shi can ƙarshen reshen mahaifa kusa da inda ƙwan zai fito, sai kusan kashi 40 cikin 100 suka ɗauka. Wannan da ɗanyen maniyyi ke nan. In aka sanyaya shi sakamakon yana raguwa, in aka daskarar da shi ya ƙara raguwa ƙwarai. To ai amfanin ɗurin maniyyi a shanu duk a daskararren yake, shi ne ake ajiyewa shekaru, a tura shi ƙasa zuwa ƙasa. Muddin dole amalen ya kasance kusa, to me ya hana a kai masa taguwar kawai?

Akwai amsa ɗaya mai ma'ana: babbar gona mai amale guda da ake rububinsa, inda taguwoyi da yawa suka nuna rana ɗaya, za ta iya raba tatsa guda gida biyu ko uku. Ban da irin wannan, ba zan ba mai garke shawarar ya ɗora shirinsa a kan wannan hanya a yanzu ba. Fage ne na masu bincike, kuma ina fatan su ci nasara, don ranar da daskararren maniyyin raƙumi ya zama abin dogaro, ƙananan makiyaya ne za su fi kowa amfana.

Dashen ɗan tayi

Wannan fasaha ba don madara aka fara ta ba. Masu raƙuman tsere a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne suka zuba mata kuɗi tun wajen farkon shekarun 1990, saboda suna son 'ya'yan taguwar da take lashe gasa ba tare da sun cire ta daga fili na shekara biyu ba. Daga baya aka ga cewa matsalar mai madara ita ce dai matsalar mai tsere: yana son 'ya'yan taguwa, ba ya son ta ɗauki ciki.

Ga yadda ake yi. Ana yi wa taguwar da aka zaɓa allurar homon FSH na 'yan kwanaki, ko eCG, ko a haɗa su, don jakunkunan ƙwai da yawa su girma lokaci guda. In sun nuna sai a kai ta wajen amale, baye na ainihi, wanda shi ne ya sa wannan hanya ta kauce wa duk wahalar maniyyi. Kwana bakwai ko takwas bayan haka a ba ta maganin kwantar da hankali, a naɗe wutsiya, a wanke ta tsaf, a shigar da siririn bututu ta bakin mahaifa, a hura ɗan balan-balan da ke jikinsa ya toshe hanya. Sai a zuba ruwa na musamman a cikin mahaifa a sake janyo shi ta matata. Abin da ya rage a matatar a juye a faranti a duba a madubin likita, sai ka ga 'yan tayin, ƙananan ƙwallaye garai-garai, manyansu har ana iya hango su da ido. Kowanne a ɗauke shi a dasa a mahaifar wata taguwa, galibi a reshen hagu, domin kusan duk cikin raƙumi a nan yake zama. Ita mai karɓar an riga an yi mata allura don ƙwanta ya fito kamar kwana ɗaya bayan na mai bayarwa. A hannun ƙwararru, da ɗanyen ɗan tayi, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu karɓa sukan ɗauka.

Mai bayarwa an wanke mahaifarta, ba ta da ciki, tana komawa layin tatsa. Wannan shi ne abin da Nagy da Skidmore da Juhasz suka bayyana a 2013: a ɗebi 'yan tayi daga taguwoyi masu yawan madara suna tsakiyar tatsa, a dasa wa masu ƙarancin madara. Gwanar ta ci gaba da cika bokiti, waɗanda da ma ba a jin rashin madararsu su ɗauki nauyin wata 13. Taguwar da za ta ba da ɗa ɗaya a shekara biyu tana iya ba da da yawa a lokacin baye guda. Babu wata hanya cikin ukun da take raba waccan gardama sai wannan.

Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ana buƙatar likita ƙwararre, ɗakin gwaji mai tsafta, homon da ake ajiyewa a sanyi, da duba taguwoyi kusan kullum. Ba kowace mai bayarwa ce take amsa allurar ba. Wata ba ta motsa ko kaɗan, wata ta cika jakunkuna fiye da kima har a rasa ɗan tayi mai kyau, wata kuma in aka yawaita mata eCG sai jikinta ya daina jinsa. Ɗan tayin raƙumi kafin a wanko shi ya riga ya fita daga ɓawonsa, ga girma ga ruwa a ciki, shi ya sa daskarar da shi yake da wuya, duk da ana samun ci gaba. A aikace dai gara mai bayarwa da masu karɓa su kasance wuri ɗaya ko kusa. Kuma kowace mai bayarwa tana buƙatar masu karɓa da dama a shirye, waɗanda za ka ciyar, ka shayar, ka yi wa magani, har da waɗanda ba su ɗauka ba. Ita gwanar ma ba za ta dawwama tana madara ba, wata rana dole ta ɗauki nata cikin ta haihu kafin sabuwar madara ta zo.

Akwai wani sharaɗi da ake yawan tsallakewa. Dashen ɗan tayi yana ninka duk abin da ka zaɓa, nagari ko akasin haka, don haka sai ka tabbata wace ce gwanar. Auna madarar taguwa kuwa yana da wuyar sha'ani. Kaɗan ne daga madarar yake taruwa a shirye a ƙasan hantsa, mafi yawanta tana can sama sai taguwa ta sake ta, kuma galibi ba ta saki sai ɗanta ya zo ya taɓa nonon. In ta saki, 'yan mintuna ne, mai tatsa ya yi sanyin hannu ta janye. Ɗan ya sha nasa kason da ba a auna ba. Wata taguwar ta fi sauran ne kawai don ta fi samun abinci, ko don tana haihuwa ta uku ko ta huɗu, lokacin da madara take kai ganiyarta, ana gwada ta da mai haihuwar fari. Wanda ba shi da littafin da yake rubuta madarar kowace taguwa a kai a kai, da ranar haihuwarta, da ciwon hantsar da ta taɓa yi, bai shirya wa dashe ba ko da yana da kuɗinsa.

Kwafin halitta kuwa, wato samar da dabba mai gado iri ɗaya sak da wata, tun da aka haifi Injaz, taguwar farko da aka samar ta wannan hanya, a Dubai a watan Afrilun 2009 ƙarƙashin jagorancin Nisar Wani, an san yana yiwuwa. Amma galibi harka ce ta raƙuman tsere da na gasar kyau, ba ta cika shigowa lissafin mai sayar da madara ba.

Ta fuskar cuta kowace hanya tana da ƙofar da take buɗewa. Ta amale ita ce yawo da haɗuwa: a aro amale, ko a kai taguwa garken wani ta kwana biyu ta dawo. Ta dashe ita ce tara masu karɓa daga wurare daban-daban. Bakkale, wato cutar burusela, ita ce ta fi tayar mini da hankali, saboda tana sa ɓari, tana yaɗuwa ta mabiyiya da ruwan haihuwa, tana kuma kama mutum ta ɗanyar madara. Sai sura, irin sammoren da ƙudaje masu cizo suke yaɗawa, wadda take ramar da dabba, ta rage madara, ta zubar da ciki. Sai ƙazuwa, sai kuma ƙwayar MERS, mai jawo wa mutum cutar numfashi, da aka gano a Saudiyya a 2012, wadda raƙuma suke ɗauke da ita, musamman ƙanana. Duk dabbar da za ta shigo garke, amale ce ko mai karɓa, a keɓe ta a gwada jininta tukuna. Mai karɓa ma ta fi buƙatar kulawa, don ita za ta shayar. Ɗan raƙumi ba ya samun kariyar jikin uwa ta mabiyiya, sai ta dakashi a ranar farko, don haka ɗan tayi mai daraja da aka dasa wa taguwa mai ciwon hantsa ko mai ƙin ɗa, an jefa shi cikin haɗari.

Ga mai garken da yake yawon kiwo, ko mai taguwoyi 'yan kaɗan, shawarata ita ce amale, a zaɓe shi da madarar uwarsa, a gwada jininsa, a musanya shi a kan kari. Ga gonar da ta zauna wuri ɗaya tana sayar da madara kullum, har yanzu amale ne, amma da na'urar duban ciki da littafi, kuma gonaki maƙwabta suna iya haɗa kai su riƙi likita ɗaya. Gonar da ta yi wannan na 'yan shekaru, ta san gwanayenta da hujja, tana kuma da taguwoyi marasa madara da abincin riƙe su, ita ce dashe zai yi wa rana, kuma ko a nan gwanaye 'yan ƙalilan za a ɗeba, sauran garken amale zai ci gaba da hawa.

In ka kai ga yin yarjejeniya da masu dashe, ka tambaye su da wane ma'auni suke ƙirga nasara. Wasu suna ƙirgawa da cikin da aka gani a na'ura a kwana 20, alhali wani kaso zai zube kafin wata biyu ko uku. Ka nemi a rubuta sharaɗin a kan cikin da ya wuce wata uku, ko a kan ɗan da ya faɗo da rai, a kuma fayyace wanda zai ɗauki nauyin gwajin jinin masu karɓa da ciyar da waɗanda ba su ɗauka ba.